WUTAR LANTARKI TA WUCIN GADI A WURIN GINI

Jawabin wayar da kan jama'a game da akwatin rarraba wuta, domin masu gini, 'yan kwangila, masu aikin wuta da leburori

Wannan jawabi ya shafi duk wanda ke da hannu a aikin gini a ƙasar nan, tun daga mai gidan da ya ba da kwangila har zuwa leburan da ke tura baro. Maƙasudinsa shi ne a bayyana yadda ya kamata a jawo wutar lantarki, a rarraba ta a wurin da ake gini, kafin ginin ya kammala a sa masa wayoyinsa na dindindin. Ita ce ake kira wutar wucin gadi.

Tun shekarar 1896 aka fara kunna lantarki a Ikko. A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, a 1972 aka kafa hukumar NEPA, a 2013 kuma aka danƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni. A tsawon wannan lokaci aikin gini ya sāke kama. Abin da dā ake yi da ƙarfin damtse, yanzu inji ke yinsa. Inji ke kwaɓa kankare, shi ke girgiza shi, shi ke jawo ruwa daga rijiya, da shi ake walda da yankan rodi da tayil. Saboda haka da wuya a sami wurin gini, a birni ko a ƙauye, wanda ba a jawo masa wuta ba, ko daga falwaya ko daga janareta.

Abin takaici shi ne, kalmar nan "wucin gadi" tana ruɗin mutane da yawa. Sai mutum ya ce tun da aikin na wata uku ne, ba ya bukatar tsari. Sai a jawo waya daga gidan maƙwabci, a fere bakinta, a cusa a soket, a tokare da tsinken ashana, mahaɗa kuwa a naɗe ta da leda. Alhali wutar da za a yi wata uku ana aiki da ita, ƙarfinta ɗaya da wadda za ta shekara talatin a cikin bango. Hanyar tsira ita ce duk wutar da za ta shiga wurin gini ta bi ta ƙofa guda, watau akwatin rarraba wuta, wanda masu aikin wuta ke kira dibi, kuma a cikin akwatin nan a sami abin da zai kāre waya da abin da zai kāre mutum.

ME YA SA WURIN GINI YA FI GIDA HAƊARI?

A gidan da aka gama, wayoyi suna ɓoye cikin bango, daɓen ɗaki a bushe yake, kuma soket ba ya gusawa daga inda aka kafa shi. A wurin gini kuwa al'amarin dabam ne. Ruwa yana ko'ina, domin da shi ake kwaɓi, da shi ake ba bulo da kankare ban-ruwa. Ƙarfe ma yana ko'ina: rodi, da kwanon rufi, da bututun dandamalin da magina ke hawa. Wayoyi suna yashe a ƙasa, baro yana taka su, tifa tana bi ta kansu, bakin rodi yana yagar rigarsu. Kullum ana ɗauke inji daga wannan kusurwa a kai wancan, ana jan waya ana miƙar da ita.

Har wa yau, ga halin da ma'aikacin kansa yake ciki. Jikinsa jiƙe yake da gumi, sau da yawa ƙafarsa ba takalmi ko kuwa silifa ce kawai, yana tsaye kan danshi, yana riƙe da inji da hannu biyu. Busasshiyar fatar mutum tana ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙiya kusan ba ta tare komai. Ga kuma tsawo. Mutumin da ke kan dandamali a hawa na biyu, ko da ɗan fizga kaɗan wuta ta yi masa, ya isa ya sa ya faɗo, faɗuwar ta yi masa abin da wutar ba ta yi ba.

WUTA NAWA KE KASHE MUTUM?

Kafin a gane amfanin akwatin, lalle ne a san ma'auni uku. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, kamar yadda tsawon tanki ke tura ruwa cikin bututu. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Wat kuwa shi ne ma'aunin abin da inji ke ci. Wutar da ake kawowa gidaje a Nijeriya bolt 230 ce a layi ɗaya, kimanin bolt 400 kuma tsakanin layi da layi inda aka jawo layi uku. In an raba amfiya ɗaya kashi 1,000, kowane kashi shi ne miliamfiya.

Masana sun auna abin da wuta ke yi wa jikin ɗan Adam. Wajen miliamfiya 1 mutum zai fara jin tsikari. In ta kai wajen miliamfiya 10, tsokar hannu tana ƙanƙamewa, har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, ko da yana so. Wannan shi ne dalilin da jama'a ke cewa wuta ta kama wane. Daga miliamfiya 30 zuwa sama numfashi yana sarƙewa, in kuma ta zarce haka ta ɗan jima tana ratsa ƙirji, sai bugun zuciya ya rikice, jini ya daina zagayawa, cikin 'yan mintoci mutum ya rasu.

To, mutumin da jikinsa ke jiƙe, in ya taɓa waya mai bolt 230 yana tsaye a kan danshi, abin da zai ratsa shi yana iya kai miliamfiya 200 ko fiye. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kimanin miliamfiya 260 ne. Watau ke nan, wutar da ba ta kai ta haskaka ƙwan fitila guda ba, ta isa ta raba magidanci da iyalinsa.

AKWATIN RARRABA WUTA DA ABIN DA KE CIKINSA

Akwatin rarraba wuta na wurin gini akwati ne na ƙarfe ko na roba mai ƙwari, mai murfi da wurin sa kwaɗo. Babbar waya guda ce ke shiga cikinsa daga mita ko daga janareta, daga nan a raba wutar zuwa rassa, kowane reshe da aikinsa. Ana kafa shi a bango ko a kan ƙafafu, nesa da ƙasa, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, mota ba ta bi, kuma kowa zai iya isa gare shi da gaggawa. Ba a jibge buhunan siminti ko katako a gabansa. Wanda zai zauna a waje ya zama mai jure ruwan sama da ƙura. Akwai lamba da ake rubutawa a jikinsa da ke nuna haka, kada kuwa ta gaza IP44.

Abu na farko a cikinsa shi ne babban makunni, wanda in an sauke shi duk wutar wurin ta ɗauke gaba ɗaya. Wajibi ne a yi masa alama bayyananniya, kuma kowane ma'aikaci, har da mai gadi, ya san inda yake tun ranar da ya fara aiki.

Na biyu su ne birekoki, ɗaya ga kowane reshe. Aikin bireka shi ne ta yanke wuta in kaya sun yi wa waya yawa, ko kuwa in wayoyi biyu sun haɗu. Akwai mai amfiya 6, da 10, da 16, da 20, da 32, har zuwa sama. Ƙa'idar ita ce a zaɓi bireka daidai da kaurin wayar da take tsaro. In bireka tana yawan faɗuwa, tana faɗin cewa akwai matsala ne. Wanda ya cire ta ya sa babba a kan siririyar waya, ko ya ɗaure fis da ƙusa ko guntun waya, ya sallami mai gadi ne ya bar ɓarawo a gida. Zafin da waya ke yi yana ninkuwa fiye da yadda ake zato, domin in wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Daga nan roba ta narke, gobara ta tashi.

Na uku su ne soket-soket na masana'antu, masu murfi da ƙugiyar riƙe filogi. Launinsu yana faɗin ƙarfinsu: shuɗi na bolt 230 ne, ja na bolt 400, rawaya kuwa na bolt 110, kuma an ƙera su yadda filogin wani ba zai shiga bakin wani ba. A Ingila, al'adar wuraren gini ita ce a rage wutar injinan hannu zuwa bolt 110 da ƙaramar taransifoma, wadda aka haɗa ta yadda abin da ke tsakanin kowace waya da ƙasa bai wuce bolt 55 ba. Ɗan kwangilar da ke da halin yin haka ya ƙara wa ma'aikatansa kariya mai yawa.

A ƙarshe, a rubuta sunan kowane reshe a ƙarƙashin birekarsa: fitilu, injin kwaɓi, famfo, walda. In wurin yana da faɗi ko ginin bene ne, a kafa ƙananan akwatuna a kowane hawa, su sha daga babban, maimakon a riƙa jona doguwar waya a kan doguwar waya.

BIREKAR YOYO, MAI TSARON RAI

Nan ne jigon wannan jawabi, kuma nan ne jama'a suka fi yin kuskure. Mutane da yawa suna zaton in akwai bireka ko fis, to wuta ba za ta kashe kowa ba. Ba haka abin yake ba. Bireka mai amfiya 20 ba ta motsi sai wuta ta haura amfiya 20, watau miliamfiya 20,000. Abin da ke ratsa mutum ya kashe shi kuwa kashi ɗaya ne cikin ɗari na wannan adadi. Saboda haka mutum yana iya maƙalewa a jikin inji har ransa ya fita, bireka tana nan tsaye ba ta san ana yi ba. An ƙera ta ne domin tsaron waya da dukiya.

Na'urar da ke tsaron mutum dabam take. A kasuwa ana kiranta RCD, wasu su ce RCCB ko ELCB, a Hausance kuwa ana iya ce mata birekar yoyo. Ga yadda take aiki. Wuta tana fita ta waya mai rai, ta shiga inji, ta komo ta wayar nutural. In komai lafiya yake, abin da ya fita daidai yake da abin da ya komo. Ita wannan na'ura kullum tana gwada biyun. Da ta ga abin da ya komo ya gaza abin da ya fita, ta san wuta ta yi yoyo ta bi wata hanya, ko ta jikin inji, ko ta ruwa, ko ta jikin mutum, nan take sai ta yanke. Wadda aka yi domin tsaron rai tana faɗuwa in yoyon ya kai miliamfiya 30, cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. In yoyon ya kai ninki biyar na haka, ƙa'ida ta ce kada ta wuce kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa. Mutum zai ji fizga, amma galibi zuciyarsa za ta tsira.

Wannan dabara a wurin aiki mai haɗari aka haife ta. A shekarun 1950 wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera irinta mai saurin ji domin mahaƙan zinariya na Afirka ta Kudu. A 1961 kuma Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya ya ƙera wadda ta bazu a Amurka.

Akwai abubuwa uku da za a kiyaye game da ita. Da fari, a karanta lambar da ke jikinta. Mai miliamfiya 30 ita ce ta tsaron rai, ita ce za a sa wa duk soket ɗin da ake jona injinan hannu da fitilun ɗauka. Mai 100 ko 300 maganin gobara ce. Na biyu, tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta. In an danna shi dole ta faɗi, in ba ta faɗi ba ta mutu, a canja ta a ranar. Na uku, in tana yawan faɗuwa, akwai injin da ruwa ya shiga ko wayar da ta yage. A nemo shi a gyara. Wanda ya tsallake ta da guntun waya don kada aiki ya tsaya, ya sayar da ran abokin aikinsa da kuɗin yini guda. A kuma sani cewa ba ta ganin mutumin da ya kama waya mai rai da nutural lokaci guda alhali wutar ba ta bi ta ƙasa ba, saboda haka samunta ba izini ba ne na taɓa waya da wuta a cikinta.

WAYAR ƘASA

Kowane inji mai jikin ƙarfe yana bukatar waya ta uku, wadda ake kira wayar ƙasa, ko at. Ita ce ke haɗa jikin injin da sandar ƙarfe mai rigar tagulla da aka kafa cikin ƙasa kusa da akwatin. In waya mai rai ta goge ta taɓa jikin injin kwaɓi, wutar za ta bi wayar ƙasa, birekar yoyo ta faɗi tun kafin wani ya kai hannu. In babu ita, jikin injin zai zauna ɗauke da bolt 230 yana jiran wanda zai fara taɓa shi. Don haka wayar da za a ja zuwa irin wannan inji ta zama mai zare uku, kuma kada a karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket. Akwatin kansa, in na ƙarfe ne, a haɗa shi da wayar ƙasa.

Kafa sanda kaɗai bai wadatar ba, sai an auna ta da na'ura. Ƙasa mai danshi tana karɓar wuta da sauƙi, busasshen rairayi da dutse kuwa ba sa karɓa. Sandar da ta yi kyau da damina a Sakkwato ko Maiduguri tana iya kasawa in rani ya tsananta. A irin wannan wuri a ƙara zurfi ko a ƙara yawan sanduna, a kuma sāke aunawa in yanayi ya juya.

LISSAFIN KAYA DA ZAƁEN WAYA

Kafin a sayi akwati ko waya, a zauna a lissafa abin da za a jona. Lissafin ba shi da wuya: a raba wat da bolt, sai amfiya ta fito. A ɗauka akwai injin kwaɓi mai wat 2,200, da giranda mai wat 2,000, da famfo mai wat 750, da fitilu 10 masu wat 100 kowace. Jimla wat 5,950 ke nan, in an raba da 230 a sami kimanin amfiya 26. Soket na gida kuwa amfiya 13 yake ɗauka, watau wajen wat 3,000. Ashe wanda ya jawo wannan kaya daga soket ɗin maƙwabci ya ɗora masa ninki biyu na ƙarfinsa. Bugu da ƙari, inji mai mota yana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarsa a lokacin da yake tashi. Injin walda kuwa a ba shi reshensa shi kaɗai. Inda aka jawo layi uku, a raba kaya daidai a kansu, kada a jibge wa guda.

Tsawon waya ma yana da nasa lissafi, domin wuta tana raguwa a hanya. Wayar tagulla mai kaurin 2.5, in ta ɗauki amfiya 10 tsawon mita 100, bolt 18 ke salwanta kafin a isa. Abin da ƙa'ida ta yarda da shi kuwa kashi 5 cikin 100 ne, watau bolt 11.5. Mai kaurin 4 za ta yi asarar bolt 11 ne a wannan tazara. Injin da wuta ke isa masa a raunane yana gunji, ya yi zafi, ya ƙone. Kuɗin sāke naɗinsa ya fi bambancin kuɗin wayoyin biyu.

A sayi waya mai riga biyu, mai lanƙwasuwa, wadda ke ɗauke da tambarin NIS na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, watau SON, wadda aka kafa a 1971. Akwai jabun wayoyi da aka rage musu kauri, ko aka yi su da goran-ruwa aka shafa musu tagulla. Araha ba ta ado. A rataye waya a sama a kan sanduna, kada a ɗaure ta da wayar ɗaurin rodi. In dole ta ƙetare hanya, a sa ta cikin bututu a binne. Wayar da ke naɗe a kan gwangwaninta a warware ta duka kafin a ɗora mata kaya mai nauyi, domin a naɗe zafinta ba ya fita. Mahaɗa kuwa a yi ta da filogi da soket na ƙwarai.

Akwai wani tarko game da launin waya. A tsohon tsari, layuka uku ja ne da rawaya da shuɗi, nutural baƙi. A sabon tsari, wanda Ingila ta koma kansa tsakanin 2004 da 2006, layuka ruwan ƙasa ne da baƙi da ruwan toka, nutural shuɗi. Watau baƙar waya nutural ce a tsohon tsari amma mai rai ce a sabo, shuɗiya kuma akasin haka. Duka biyu ana samunsu a kasuwannin ƙasar nan, har a wurin gini guda. Saboda haka mai aikin wuta kada ya dogara ga launi, ya gwada da na'ura. Wayar ƙasa ita ce kore mai ratsin rawaya.

JANARETA

Yawancin wuraren gini suna amfani da janareta. Shi ma wutarsa ta bi ta akwatin nan, kada a jona injina a jikinsa kai tsaye a tsallake birekar yoyo. Ƙwararre ya duba haɗin nutural ɗinsa da ƙasa, domin in ba a yi shi daidai ba birekar yoyo tana iya ƙin faɗuwa a lokacin da ake bukatarta.

Inda ake da wutar kamfani da janareta, tilas ne a sa makunnin canji, wanda ake kira cenji-oba, ta yadda biyun ba za su taɓa haɗuwa ba. In babu shi, wutar janareta tana komawa kan layin falwaya, taransifomar unguwa ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara a wata unguwa yana ganin an ɗauke wuta.

Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Kada a kunna shi a cikin ginin da ba a gama ba, musamman inda mai gadi ko leburori ke kwana. A kashe shi ya huce kafin a zuba masa mai.

ALHAKI DA DOKA

Akwati ba ya tsaron kansa. Ɗan kwangila ya naɗa ƙwararren mai aikin wuta guda, shi ke riƙe da mabuɗin murfin ciki, shi kaɗai ke kwance waya ko ɗaura ta. Kowace safiya ya zagaya ya duba wayoyi da filogi, ya danna maɓallin gwaji. Injin da ya lalace a janye shi daga aiki a yi masa alama. In za a yi gyara, a sauke birekar reshen, a sa mata kwaɗo, mai gyaran ya sa mabuɗin a aljihunsa, ya gwada ya tabbata babu wuta kafin ya taɓa. In an tashi aiki a sauke duk rassa ban da na fitilun tsaro, a kulle, saboda yaran unguwa da ke shiga wasa. A Ingila ana gwada dukan wayoyin wurin gini da na'ura kowane wata uku, wannan kuwa abin koyi ne.

Wutar kamfani a neme ta ta hanyar da ta dace, a sa mita. Ɗana waya a falwaya ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin Dokar Lantarki ta 2023. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin sa wayoyi a 2015, hukumar NEMSA kuma, wadda doka ta kafa a wannan shekara, ita ke duba ayyukan lantarki da ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa. Mai gini yana da ikon ya nemi ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki. Har wa yau, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, har da ɗan koyo da mai aikin yini.

Lebura ma yana da nasa rabo. In ya ji inji yana ɗan fizgarsa, ko ya ga waya a yage, ko ya ji ƙaurin roba, ya faɗa wa helma nan da nan. Helman da aka gaya wa kuwa kada ya ɗauke shi rago ko mai tsegumi.

IN HAƊARI YA AUKU

In wuta ta kama mutum, kada kowa ya kai masa hannu, domin wutar za ta haɗa da shi. A ruga a sauke babban makunni. In ya yi nisa, a tsaya a busasshen wuri a raba shi da wayar da busasshen katako. Wannan ga wutar gida ne kawai. In babban layin falwaya ne, kowa ya ja da baya a kira kamfanin wuta.

Da an raba shi, a duba numfashinsa, wani kuma ya kira lamba 112 ko ya nemo mota. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti guda, kada a daina sai ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓa. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin wuta tana ƙuna a cikin jiki, kuma zuciya tana iya rikicewa daga baya. Gobarar lantarki kuwa ba a zuba mata ruwa. A kashe wuta, a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda ko busasshen yashi.

KAMMALAWA

In irin wannan haɗari ya auku, akan ji jama'a suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma masu wannan magana su ne kuma suka ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin akwati mai birekar yoyo da sandar ƙasa ɗan kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin siminti da rodin gini guda, kuma in aiki ya ƙare ana ɗaukarsa a kai wani wurin. Saboda haka ana kira ga kowane mai gini da ya sa shi cikin lissafin kwangila tun farko, kowane ɗan kwangila ya kafa shi kafin a kunna inji ko guda, kowane ma'aikaci kuma ya tambayi inda babban makunni yake kafin ya ɗauki shebur. Wanda wannan jawabi ya isa gare shi ya karanta wa abokan aikinsa da ba su sami ji ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.